Gambar Kan Iyaka

Kowa a unguwarmu cewa yake mun sayar da gonar Kaka. Ƙarya ce. Ko taku ɗaya ba mu sayar ba. Cinye ta ake yi muna ji muna gani.

Gonar tana bayan Kazaure, ta hanyar Roni. Da ina ƙarama sammako muke yi da fura a gora, mu yi ta tafiya har gidaje su ɓace mana. Yau in na tsaya a cikinta, ƙarar injin bulo nake ji.

Ba mu da takarda. Wa ke da takarda a lokacin? Gamba ce iyakarmu, an dasa ta jere tsakaninmu da maƙwabcin gona. Bayan girbi mu yanke ta a yi zana. Har yanzu ina jin ƙaiƙayinta a hannu. Kaka tana gindin aduwa tana ɓarar gyaɗa, sai ta ɗaga murya: "Ke uwar gaggawa, yanka daga sama! Kada ki taɓa saiwar, ita ce shaidarmu."

Bara maƙwabcin ya rasu, 'ya'yansa suka yanka tasu filoti-filoti. Katafila ta zo ta baje komai, har gambar. Masu awo suka kafa turakun siminti, biyu a tsakiyar kunyoyin Inna, inda take noma geron da muke ci tun rasuwar Baba.

Na durƙusa gaban mai unguwa. Ya ce, "'Yata, nuna mini iyaka in tsaya miki." Ranka ya daɗe, me zan nuna? Wuri ya koma fayau kamar faranti. Kawu ya ce in yi haƙuri, gari ne ya iso. To garin ne zai ba mu tuwo? Inna kuwa buhun iri kawai take buɗewa ta rufe.

Wanda ya sayi filotin ya sauke yashi da bulo. Kafin ruwan farko zai haƙa harsashin gini a kan gonarmu.

Jiya na ɗauki fartanya na tona inda nake zaton layin yake. Na samu saiwa, ɗanya shataf. Ashe katafila ma daga sama ta yanka.

Ba zan jira damina ba. Gobe da asuba zan turo jarkoki a baro, in bi layin nan ina ba shi ruwa safe da yamma har gambar ta tofo. Ranar da ta yi kore, ni da kaina zan je in taso mai unguwa. Ai shi ya ce in nuna masa.