Sawun Keke a Ɗanyen Siminti

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin tuwo!

Ana faɗaɗa hanyar kasuwar Gummi, an ware gefe don masu keke. Ni ke gadi. Da hantsi aka zuba siminti, na ja igiya na zauna. Ko azahar nan na yi ta. Ko akuya ba ta gitta ba.

Ɗan kwangila ya zo ya daka min tsawa: "Garba! Wa ya taka min aiki?"

Na duba. Sawun keke! A tsakiyar simintin ya fara, a tsakiya ya ƙare.

Ya ce, "Gobe ka kawo sunan mai shi, ko ka bar aiki."

Iro mai faci ya tsuguna ya duba, ya miƙe ya ce, "Wanga ɗinkin taya ni na yi shi. Keken yayanka Sani ne."

Sanin da tirela ta take har lahira bara, a daidai wurin nan!

Na ruga gida. Keken na rataye a ɗakin Inna, a lanƙwashe yadda muka ɗauko shi. Na shafa tayar. Siminti, ɗanye!

To gobe sunan wa zan kai masa?