Wainar Sadaka Ba Ta Cire wa Rahila Tsoro Ba

Ana tayar da janareta yau, Rahila abokiyar aikina ta shige ƙarƙashin tebur. Haka take tun da tsohon janaretan shagon ɗinkinmu na Kakuri ya kama da wuta a gabanta.

Hajiya mai shago ta ce, "Ba mun raba waina sadaka ba? Magana ta wuce. Ki fito ko ki bar aikin."

Ni da kullum kaina ke cikin littafin soyayya, ko gaisuwa da ƙyar nake yi, sai na miƙe. "Hajiya, ku ba ta hutu, ku zauna ku saurare ta. In kun kore ta, ku haɗa da ni."

Sai Hajiya ta ce, "A kashe injin nan."

Wai rashin kunya na yi? Ku faɗa min, amma ko gobe zan sake.