Lambar Sirrin da Na Ba Anti Ladi

Ko zan manta da duk ranakun da na yi a aikin banki, ban da wata Alhamis ta cikin damina, a shekarata ta biyu. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka fara aiki bana, saboda na ga biyu a cikinku suna karatu a jami'a, na kuma ji ɗaya yana buga ƙwallo.

Lokacin bankuna suna ta buɗe rassa a Abuja, duk kwanar da ka sha sai ka ga sabon gini mai gilashi. An ɗauke ni a wani reshe a Wuse da takardar difloma, a matsayin ma'aikacin kwantiragi. Ma'anarsa ita ce kana ɗaura taye kamar kowa, kana zama a kanta kamar kowa, amma ba ka da ƙarin girma, kuma da takarda mai layi biyu ake sallamarka. Mafita ɗaya ce, digiri. Shi ya sa na shiga karatun ƙarshen mako. Sannan ga gudu. Tun ina sakandare nake tseren mita ɗari takwas, kuma burina shi ne in wakilci Abuja a gasar ƙasa. Bayan sallar asuba nake barin Jiwa, in yi atisaye a fili, in watsa ruwa a famfo, in ɗaura taye a cikin bas. Sau da yawa ƙafafuna na rawa a ƙarƙashin kanta ina yi wa kwastoma murmushi.

Shugabar masu kanta ita ce Anti Ladi, mutuniyar kudancin Kaduna. Shekararta goma sha ɗaya a banki, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ita ta koya mini aiki. In ta ga idona ya faɗa, sai ta turo mini kular abincinta ta ce, "Ɗan gudu, ci, kada ka faɗi mana a gaban mutane."

Ga dokar da ta shafi labarin. Kowane mai kanta yana da lambar sirri da yake shiga kwamfuta da ita. Manyan ayyuka kuwa mutum biyu ke yi: mai kanta ya shigar, shugaba ta duba ta amince. An haramta mutum ɗaya ya riƙe hannu biyun, an kuma haramta ka ba wani lambarka, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Sai kocinmu ya sanar cewa ranar Alhamis da ƙarfe goma za a yi tseren zaɓe, mutum uku za a ɗauka. Matsalar ita ce, makonni biyu kafin nan na karɓi kwana huɗu saboda jarrabawa. Duk da haka na shiga ofishin Oga Tunde, shugaban sashenmu, na roƙi awa uku.

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Nasiru, banki ne ya ɗauke ka ko filin wasa? Jiya jarrabawa, yau gudu. Akwai mutane a bakin get da takardunsu, suna jiran kujerarka. Ka zaɓa."

Na fito na zauna. Anti Ladi ta dube ni ta ce, "Ya hana?" Na gyaɗa kai. Sai ta rage murya. "Ranar Alhamis oga yana da taro a hedikwata har azahar. Ka zo da safe ka sa hannu, ka bar mini lambarka. Zan riƙe kantarka da tawa. Amma ƙarfe sha biyu ka dawo."

Na san haramun ne. Na rubuta mata lambar a bayan wata takarda.

Ranar an kwana ana ruwa, filin ya jiƙe. Na yi zagayen farko ina na biyu. A kwanar ƙarshe ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, mutum biyu suka wuce ni. Na zo na huɗu. Koci ya dafa kafaɗata ya ce, "Mutumin da yake yini a kantar banki ba ya gudu, Nasiru." Na tari acaɓa.

Tun daga bakin ƙofar banki na ga fuskar mai gadi ta canja. Masu bincike ne suka zo daga hedikwata ba tare da sanarwa ba, kamar yadda suke yi lokaci-lokaci. Sun tarar da kwamfutata a kunne, kujerata babu kowa, kuma aiki yana ta shiga da sunana. Sun duba komai, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Amma ba wannan suke tambaya ba.

An ba mu takardar tuhuma, aka ce mu bayyana gaban kwamiti ranar Litinin. Da aka tashi, Anti Ladi ta ja ni bayan janareta inda ba mai jin mu.

Ta ce, "Zan ce ni na aike ka, na kuma ga lambar a cikin durowarka na ɗauka ba ka sani ba."

Na ce, "Anti, ai ba haka aka yi ba."

"Saurara, ƙanena. Kai kwantiragi ne, ranar za su kore ka, karatun ma ya tsaya. Ni shekara goma sha ɗaya nake da ita, ban taɓa karɓar tuhuma ba. Iyakaci su ba ni gargaɗi."

Na yarda da lissafinta, domin ya yi mini daɗi.

Ranar Litinin mutum uku ne a kwamitin. Wata mata mai tabarau ta tambaye ni, "Da hannunka ka ba ta lambar?" Anti Ladi tana zaune a gefena, tana kallon tebur. Na ce, "A'a." Matar ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta.

Ni aka ba gargaɗi, saboda sakaci da lambar sirri. Ita kuwa aka kore ta. Daga baya na gane cewa a lokacin ana neman hanyar rage tsofaffin ma'aikata marasa digiri, sai ga mu mun kai musu dalili har ofis. Kora irin wannan kuma tana bin mutum, babu bankin da zai sake ɗaukarsa. Ta kwashe kayanta a leda ɗaya, mai gadin da ta saba saya wa shayi shi ya raka ta har bakin titi, haka doka ta ce.

Sai da na yi wata bakwai kafin na iya zuwa wurinta. Ta bar gidan da take haya, ta koma Tungan Maje, tana sayar da kifin ƙanƙara a wani ɗan shago a bakin hanya. Babbar 'yarta ta bar makarantar kuɗi. Ta ba ni benci, ta tambayi karatu, ta tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Bar wannan. Ni na kawo shawarar. Abu ɗaya ne ban taɓa ji ba. Ranar nan, na nawa ka zo?"

Na ce, "Na huɗu."

"Nawa aka ɗauka?"

"Uku."

Ta yi wata 'yar dariya, ta juya ta buɗe firiza kamar tana neman wani abu a ciki, ta daɗe ba ta juyo ba.

Na gama digiri, an tabbatar da ni, yau ga ni shugaban reshe. Gudu kuwa tun wannan damina na ajiye shi. Ana cewa mutum zai iya haɗa aiki da karatu da wasa in yana da ƙwazo. Zai iya, amma ku duba da kyau, sau da yawa akwai wani a gefe da yake ɗauke masa nauyin, kuma ranar da abin ya rushe, a kan wancan yake faɗawa. Banki ba ya sanin alheri, sunan da ke kwamfuta kawai ya sani.

Saboda haka duk wanda yake da jarrabawa ko wasa a cikinku, ya zo ofishina ya faɗa mini. In zan iya, zan ba shi izini a rubuce da sa hannuna. In ba zan iya ba, ya haƙura ya rasa wasan. Ni na san abin da ya fi rasa wasa ciwo: matar nan mai tabarau ta ba ni dama in faɗi gaskiya, na ce a'a.