Hular Mutumin da Babu Shi

Laifina ne, ba na kowa ba. Na faɗi abin da ban sani ba, dattijo ya sha kunya saboda ni.

A shekarun tamanin ina tuƙa motar wani asibiti a Riyad. Babu silima a garin, ranar Juma'a kuma ba aiki, zaman ɗaki ya ishe mu. Wani likita ɗan Kano da ya yi karatu a Ingila yana da bidiyo a gidansa a unguwar Ulaisha, da kaset-kaset na wani wasan barkwanci na Turawa, guntu-guntu, ba kai ba gindi. Bayan la'asar mukan taru a gidansa mu kalla. In an kira likita asibiti, ni ke fassara da Turancina na firamare.

A cikinmu akwai wani dattijo ɗan Damagaram, kuku a gidan wani injiniya Bature. Wata rana ya nuna rubutun da ke fitowa a farkon wasan.

"Kai direba, sunan wa ne wannan?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma a wurinmu da sunan ubangida ake kiran ƙungiyar makaɗa, sai na ɗora a kan haka.

"Sunan mai wasan ne, Baba. Tsoho ne, shi ya tara su, shi ke ciyar da su."

"To wanne ne shi a ciki?"

"Haba Baba, babba ai ba ya fitowa."

"Allah Ya saka masa. Ya rage mana kewar gida."

Da maigidansa zai tafi hutu Ingila, Baba ya ɗauko hula ɗinkin hannu da aka aiko masa daga gida, ya ce a kai wa tsohon tare da gaisuwa. Baturen ya yi dariya har da hawaye. Da baƙinsa suka zo, ya sa aka fito da Baba daga kicin ya maimaita musu.

Likita ne ya gaya mini gaskiyar: babu wani mutum mai wannan suna. 'Yan wasan ne suka yi ta jefa sunaye, gidan talabijin yana matsa musu, suka ɗauki wanda ya fi ba su dariya.

Baba ya daina zuwa. Ni ma na kasa zama gaban bidiyon, in zauna in tashi, in fita in dawo. Sau uku ina zuwa unguwar Gubaira, inda yake hutun Juma'a wurin 'yan garinsu, ina kewaya layin ina komawa. A na huɗu na same shi a ƙofar gida yana gyaran takalminsa. Na durƙusa.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ban san sunan ba, na ji kunyar in ce ban sani ba. Ka yafe mini don Allah."