Maman Wonder, Mai Karanta Adireshi ta Baya

Kullum kafin 'yan acaɓa su gama shan koko, Madam Sylvia ta riga ta buɗe shagonta na kwamfuta a bakin tashar Birnin Kudu, ta goge tebura ta kunna na'urori. Maman Wonder ake kiranta. Wurinta mutanen Kangire da na Gwaram suke zuwa neman gurbin karatu ko aiki ta intanet. Ƙarshen watan nan za ta miƙa wa 'yarta shagon, don ido ya soma gardama, ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Matar nan tana da wani hali da ke ƙular da masu gaggawa: ba ta cike komai a shafin intanet sai ta san gidan wa ta shiga. Da hannunta ta rubuta wata 'yar manhaja mai karanta adireshin shafi daga baya. Tana fara ware wutsiya, irin su edu.ng ko com.ng, wadda jama'a ke tarayya a kanta kamar sunan unguwa. Sunan da ke manne da wutsiyar shi ne maigida, shi manhajar take fitowa da shi ɓaro-ɓaro a saman allo. Duk abin da ke gabansa ɗakuna ne, maigida na iya liƙa musu sunan da ya ga dama. Da fari manhajar gaɓa biyun ƙarshe kawai take ɗauka, sai makarantun ƙasar nan kaf suka koma gida ɗaya, wato edu.ng. Maman Wonder ta zauna ta koya mata wutsiyoyin ƙasashe daban-daban, har yau kuma tana sabunta su.

Wata rana, ana gab da rufe ɗaukar ɗalibai, Malam Ishiyaku direba ya kawo 'yarsa Halimatussa'adiyya daga Maruta, tana neman makarantar ungozoma. In aka rufe babu sunanta, shekara ta tafi ke nan. Ya miƙa waya, aka buɗe adireshin da ke ciki, sai ga wani baƙon suna a saman allo.

"Malam, wannan ba shafin makarantar ba ne."

"Haba Madam! Ga sunanta nan a gaba. Yayana Alhaji ne fa ya turo daga Kano. Ƙarya yake yi ke nan?"

"Bai yi ƙarya ba, shi ma turo masa aka yi. Sunan makarantar a ƙofar ɗaki yake, gidan na wani ne. Ni dai ba zan sa sunan yarinyar nan a ciki ba."

Malam Ishiyaku ya miƙe fuu, fasinja na ta danna masa hon. Yarinyar kuwa ba ta motsa ba. "Baba, in ka dawo daga Gwaram sai ka biyo ka ɗauke ni."

Maman Wonder ta buga waya makarantar, ta karɓi adireshin gaskiya, ta cike komai. Da uban ya dawo yana cika yana batsewa, cewa kawai Maman Wonder ta yi: "Ka gaya wa Alhaji an cike, ka yi masa godiya." Wasu yaran Maruta da suka bi wancan shafin sun jira sunaye har damina ta wuce, ba su fito ba.

Yau Halimatu ce ke karɓar haihuwa a Gwaram. Bara Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, yana alfaharin shi ya samo wa 'yar ƙaninsa makaranta, kuma ba wanda ya taɓa gyara masa zance.

Maman Wonder, ke ce kika tsare wa yarinya shekararta, kika bar wa dattijo girmansa. Muna alfahari da ke, mun gode, Allah ya ba idon nan lafiya. Ku kuma masu shagunan kwamfuta, kafin ku sa sunan ɗan mutane a wani shafi, ku tsaya ku duba gidan wa kuka kai shi.