Ranar da Na Ce "Salima"

Ku matso kusa, samari, ku ara mini kunnenku. Sunana ba zan faɗa ba. Mutanen unguwarmu Sa'alaba sun riga sun san ni, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba.

A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Ni mutumin gida ne tun ina yaro. In na tashi aiki sai in sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, in nufi gida, in baje a tsakar ɗaki tare da Umma da matata Hajara, ana zuba shayi da na'ana'a, ni ina zuba zance. Hajara takan ce da ana biyan mutum ladan surutu, da tuni mun gina bene a bakin teku. Karatu ban yi nisa ba, rubutu ma da ƙyar nake haɗa shi. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne. Ina kwance zan faɗi wanda ke hawowa matakala, har in gane ko da kaya a hannunsa.

Wannan kunnen ne ya sa Kawu Sale, yayan Ummata Ramatu, ya ja ni zuwa aikinsa. Kawu sayis ne, wato mai kula da dawakin tsere, a bargar wani attajiri kusa da tsohon filin sukuwa na bayan gari. Ya fi shekara arba'in a wurin. Matarsa ta rasu, bai sake aure ba, kowace Juma'a a gidanmu yake cin abincin rana. Akwai bambanci ɗaya tsakanina da shi wanda nake so ku riƙe. Babana ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun da daɗewa, don haka ni ɗan ƙasa ne. Kawu kuwa, duk da a nan aka yanke masa cibiya, har ya yi furfura iƙama ce a aljihunsa, wato takardar zaman baƙo, mai bargar ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma.

A bargarmu akwai wata al'ada. Duk safiyar tsere, ana jan doki a kan wani dogon daɓen siminti, sayis ya juya baya ya saurari kofato. Likita yana dubawa da ido da hannu, amma akwai ciwon da ba ya fitowa sai a sauti: ƙafa ɗaya takan sauka da ɗan jinkiri, kamar mai tsoron ƙasa. Mai horar da dawakin zai zo ya ce, "Ha, ya Sale?" In lafiya lau ne Kawu ya ce, "Salima." In ya ce, "Fiha shai," wato da wani abu, to dokin ba zai yi gudu ran nan ba, ko da mota aka sa a matsayin kyauta. Ba a taɓa musa wa Kawu ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kunnen Kawu ya fara mutuwa. Ya gaya mini wata rana muna yanka harawa.

"Ɗan Ramatu, in mai barga ya ji, halas, shi ke nan, zai ce in huta. Hutun mai iƙama kuwa ka san inda yake ƙarewa."

Na ce, "Kawu, kunnena naka ne."

Tun daga ranar muke riga kowa zuwa daɓen. Ni zan saurara, in sa baki a kunnensa na dama in faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa mai horarwa. Shekara uku muna haka.

Ranar tsere kuwa, wallahi har yau ban manta da ita ba. Bayan la'asar fili ya cika, ƙamshin gahawa da turaren wuta, iyaye da 'ya'yansu a kan benaye, mai sanarwa yana ta kwarara sunayen dawaki. In suka karyo kwanar ƙarshe, ƙasa har rawa take yi a tafin ƙafarka. Ni a bakin shinge nake tsayawa, bakina ba ya rufuwa. A nan wani mai farar jallabiya da carbin azurfa, ana ce masa Abu Faris, ya ji ina ce wa maƙwabcina, "Wancan jan ba zai kai ba, numfashinsa ya yi kauri." Jan bai kai ba. Abu Faris ya dafa kafaɗata yana dariya, ya cusa mini wani abu a aljihu ya ce na shayi ne.

Na san caca haramun ce, na san hukuma ba ta yarda da ita ba, na kuma gane cewa shi da mutanensa a ɓoye suke yin ta ta waya. Amma na ce wa kaina ai ni magana kawai na yi, kuma kullum kyauta nake yin ta. Sati na gaba ya dawo. Bayan wata guda ya ba ni sabuwar waya. Da yake ba na iya rubutu, sai in danna in yi masa saƙon murya: wane ya ci abinci, wane ya yi tari, wace ce ba ta yi barci ba. Na saya wa Hajara injin wanki, na ce kyautar mai barga ce. Umma ta yi ta sa masa albarka.

Muna da wata goɗiya, Gaima, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Kawu ne ya karɓi haihuwarta, da hannunsa yake ba ta dabino, 'yata yake ce mata. A babban tseren shekarar kowa ya san ita ce za ta ci. Da safiyar ranar aka ja ta a kan daɓe, na juya baya, na ji. Ƙafar gaba ta hagu. Kaɗan ne ƙwarai, amma na ji.

Maimakon in juya ga Kawu, sai na ce zan zaga bayan gida. Na aika wa Abu Faris. Nan take ya kira ni.

"In aka cire ta, wasan ya lalace, don kowa a kanta ya zuba kuɗi, mu kuwa a kan wani dokin. Ka bar ta ta shiga. Ba za ta mutu ba, ya shaikh, ta uku kawai za ta zo ko ta huɗu. Rabonka ya fi albashinka na shekara. Yalla, maza."

Na sake aika masa saƙon murya cewa na yarda, na dawo. Kawu yana shafa wuyanta, ya miƙo mini kunnensa na dama kamar kullum. Na sa bakina na ce, "Salima."

Ya yi murmushi ya ce, "Na sani. Dubi idonta."

Ba ta zo ta uku ba. A kwanar ƙarshe, tana gaba da kowa, na ji ƙarar kafin jama'a su gani, kamar an karya busasshen ice. Mahayin ya wuntsila, kafaɗarsa ta goce, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Gaima ta yi ta ƙoƙarin tashi a kan ƙafa uku. Aka kewaye ta da labule, likita ya shiga da allurar da za ta ƙarasa ta. Kawu ya tsallaka shinge da tsufansa, ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa.

Washegari mai barga ya tara mu. Ya tambayi Kawu wa ya saurare ta. Ina tsaye a bayansa, ina kallon ƙeyarsa. Kawu ya ce, "Ni ne." Mutumin ya juya baya ya yi magana a hankali, ya juyo ya ce, "Me na ce yanzu?" Kawu bai ji ko kalma ɗaya ba. A ranar aka gane kunnensa ya mutu. A satin kafili ya buga masa takardar fita ta ƙarshe, wato ya bar ƙasar ya koma Kano, asalin iyayensa.

To, samari, nan ne ainihin laifina. An ba Kawu 'yan makonni ya haɗa kayansa. A cikinsu, kowace safiya ina da damar in je in ce ni ne, da gangan na yi. Ni ɗan ƙasa ne, iyakaci a ɗaure ni, ba mai kora ta ko'ina. Wataƙila da mai bargar ya huce ya bar tsoho ya ƙarasa kwanansa kusa da kabarin matarsa. Kowace safiya sai in ce gobe. Da rana in zauna ina taya Umma ɗaure masa kaya, tana kuka tana cewa, "Yaya Sale ko hanyar Kano bai sani ba, wa zai dafa masa?"

A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka sa a ranka. Kowane kunne yana kuskure. Ni na ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka, ka yafe mini."

Shi ya roƙe ni gafara. Na rungume shi, na bar shi ya tafi a haka.

Bayan wata biyar aka kama Abu Faris. A wayarsa aka samu muryata. A ofishin bincike suka kunna, na ji kaina ina cewa, "Hagu ta gaba akwai magana, amma zan ce salima," har da 'yar dariya a ƙarshe. Ban tuna na yi dariyar ba. A kotu aka sake kunnawa, Umma tana zaune. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta gyara mayafinta ta fita, ba ta taɓa zuwa duba ni ba.

Shekara biyu na yi a kurkuku. Hajara ce ta samo mini lambar dangin da Kawu ya sauka wurinsu, a wani ƙauye bayan Kano. Ranar da layin waya ya zo kaina na kira, aka kai masa.

"Kawu, ni ne. Na ji ciwon ran nan. Sayar da ita na yi."

"Wa ke magana? Ɗaga murya!"

Na ɗaga, har fursunonin da ke bayana suka yi tsit. Na faɗa sau uku.

Ya ce, "Ɗan Ramatu ne? Allah Ya yi maka albarka. Nan ba ful, sai koko. Ka gaishe da Hajara."

Lokacina ya ƙare. Kafin layi ya sake zagayowa kaina ya rasu.

Yanzu na fito. Ina dako a wani sito a unguwar masana'antu ta nan Jidda, in na tashi in koma gida kamar da. Umma tana amsa gaisuwata, tana karɓar maganinta daga hannuna, amma ran Juma'a a ɗakinta take cin abinci ita kaɗai. Na tuba, ina kan tuba, ina yi masa sadaka da abin da ya samu. Allah Mai gafara ne, wannan ban yi shakka ba. Amma haƙƙin Kawu sai mun tsaya ni da shi.

Don Allah, in wani ya cusa maka abu a aljihu saboda maganar da ka ji a wurin aikinka, mayar masa tun a ranar, ko da na shayi ne. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, je ka faɗa yau, tun wanda zai ɗauki laifinka yana kusa. Kai da ke karanta wannan, wa ya tsaya maka har ka samu wurin da kake ci, kuma in ka zame, kai za a kora ko shi?