Shekarar da Yaya Ta Bar Makaranta

A gidansu, duk yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa da jan biro a jiki, magana ɗaya ake yi masa: "Ci gaba da wasa, za ka bi sahun Yaya." Kowa ya san labarin. Wai Yaya, babbar 'yar gidan, sau uku tana maimaita aji huɗu, har malamai suka gaji suka ce ta je gida ta huta. Ƙaninta Direba ya fi kowa iya ba da shi, har da kwaikwayon muryar hedimasta, alhali a lokacin ko wando bai iya sa wa kansa ba. Ita kuwa Yaya sai ta yi dariya, ta ci gaba da taka kekenta na ɗinki.

Shekara hamsin da ɗoriya ta yi a kan keken nan, a ɗan shagonta mai ƙofa ɗaya kusa da tashar mota. Ba ta rubuta awo. In ta ɗora miki tef sau ɗaya, ki dawo bayan shekara uku, za ta faɗa miki faɗin kafaɗarki, ta kuma faɗa miki inci nawa kika ƙara a ƙugu ko ba ki tambaya ba. Amma wa ya tsaya lura? An riga an ce ba ta da kai, magana ta zauna.

Autarsu ce ta tayar da zaune tsaye. Bayan ta yi ritaya daga sashen ajiyar takardu na ofishin ruwa, sai ta ɗauko wani littafi mai kauri ta ce za ta rubuta tarihin gidan saboda jikoki. Auta mace ce mai taurin kai, wadda in ka ce mata ana ruwa sai ta leƙa taga. Biro biyu take riƙewa: shuɗi na abin da aka ce, baƙi na abin da ta gani a takarda da idonta. Da haka ta gano cewa kakansu, da aka daɗe ana taƙama wai direban jirgin ƙasa ne, ashe mai zuba wa ƙafafun jirgi mai ne. Sati biyu Direba bai amsa gaisuwarta ba.

Da ta iso shafin Yaya sai hannunta ya yi nauyi. Yaya ta ba saba'in baya, yanar ido ta fara rufe mata gani, zare ma sai maƙwabciya ta sa mata a allura. Littafin nan kuwa zai daɗe bayan su duka, kuma abin da ke ciki shi ne kaɗai tattaɓa-kunne za su sani game da ita.

"Yaya, me zan rubuta kan makarantarki?"

"Rubuta yadda ake faɗa mana," in ji Yaya, ko kai ba ta ɗago ba. "Ai kowa ya sani."

Auta ba ta rubuta ba. Ta nufi tsohuwar firamaren. Zuwan farko shugabar makarantar tana taro, na biyu makullin ɗakin ajiya ya bi mai gadi asibiti. A na uku aka buɗe mata wani sito cike da karyayyun bencina da tsofaffin rajistoci, gara ta yi bidirinta a wasu. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta zauna kan benci mai ƙafa uku, tana bin shekaru ɗaya bayan ɗaya har rana ta take.

Ta samu sunan. Aji biyu, ta ɗaya cikin yara arba'in da ɗaya. Aji uku, ta ɗaya. Aji huɗu, zangon farko da na biyu, ta ɗaya. Babu maimaici ko sau ɗaya. A gaban zango na uku babu maki, sai rubutun hedimasta da tawadar da ta koɗe: "Ta daina zuwa. Mahaifiyarta na kwance tun da ta haihu, ita ke riƙe da jaririyar. Na je gidan sau biyu. Babbar asara."

Auta ta dubi kwanan watan. Sati biyar ne bayan ranar da aka haife ta, ita Auta.

Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ita ma ta sha yin dariyar nan, da bakinta ta sha ce wa ɗanta zai bi sahun Yaya. Ta yi kukanta a cikin siton, ta share fuska, ta ɗauki hoton shafukan da waya.

Washegari da hantsi ta tarar da Yaya tana ɗinka bakin wani siket da lalube. Ta zauna kan kujerar masu jira, ta karanta mata rubutun hedimasta daga farko har ƙarshe. Keken ya tsaya.

"Ke dai ba kya barin abu ya kwanta," in ji Yaya.

"Wa ya ƙago zancen maimaita aji?"

"Ni."

"Don me, Yaya?"

"Maƙwabta sun sa Baba a gaba, wai ya cuce ni. Bawan Allah, ya zai yi? Inna ba ta iya ko tashi zaune, shi kuma in bai fita ba ba mu ci ba. Sai na ce ai korata aka yi, bakin kowa ya mutu." Ta gyara zaman siket ɗin ƙarƙashin allura. "Sannan ban so ki taso ana nuna ki ana cewa ga sanadi ba. Ke me kika sani? Ko wuya ba ki tsayar ba."

"Shekara sittin muna miki dariya."

"Kun yi karatu dai, ko ba ku yi ba?"

Auta ta ce za ta rubuta gaskiyar, kuma za ta tara 'yan gidan ta karanta musu, Direba a sahun gaba. Yaya ta ce ta yi yadda ta ga dama, ta dai sassauta wa Direba, hawan jini gare shi. Ta ɗora ƙafa kan keken kamar za ta ci gaba, sai kuma ta fasa.

"A takardar nan, zango na biyu, nawa suka ce na ci a lissafi?"

Auta ta buɗe hoton ta matso da shi kusa da ido. "Casa'in da shida."

"Da takwas ne," in ji Yaya a hankali. "Tambaya ta bakwai daidai na yi, malamin ne bai duba bayan takardar ba. Ya ce in an dawo hutu in kawo masa ya gyara."